Larabcin Nansi

Shekara huɗu Sauda ta yi tana aiki a gidan Amurkawan nan na unguwar Sharafiyya, kuma a shekarun nan huɗu ba ta ga ranar da suka gama mamakin Jidda ba. Maigidan, Mista Feris, injiniya ne a filin jirgin sama. Matarsa Madam Helen kuwa aikinta uku ne a duniya: tafasa ruwan sha, farautar ƙuda, da rubuta wasiƙa. Daga Jamus aka dawo da su nan a 1963, don haka duk abin da suka gani sai sun ɗora shi a ma'aunin Jamus. A can, in ji su, in an ce ƙarfe takwas, to takwas ɗin ce. A Jidda kuwa a lokacin, da rana ta faɗi ake mayar da agogo ƙarfe goma sha biyu, har sai da Madam ta rataye agogo biyu a falo, ɗaya na gari, ɗaya nasu. Duk da haka ba ta daina isa gidan gayyata tun masu gida suna barcin rana ba.

Su ma dai ba su rasa abin mamaki ba. Ranar Juma'a sukan kwashi kwando su tafi bakin ruwa a Abhur su shimfiɗe a rana, ranar da duk mai hankali yake gudu. Mista Feris, ƙato da shi, yakan ɗaura ƙyalle a ƙugu ya wanke kwanuka matarsa tana zaune. A watan sanyi sukan kafa busasshen reshe a falo su rataya masa ƙyalƙyali, su zauna suna kallon sa suna kewar ƙanƙara. Sauda takan duba ta ci gaba da aikinta, don ta daɗe da sanin kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.

Kowace Asabar Madam takan zauna gaban keken rubutu ta buga wa mahaifiyarta da ke Amurka labarin mako. Jakunan da ke jawo gangar ruwa suna ciki, da awakin da ke cin buhun siminti a bakin titi, da yadda mai kanti yake jan ƙofa a gaban idon mai saye da zarar an kira salla. Sauda ta san abin da ke cikin wasiƙun ne ta bakin Garba direba, wani Bahaushen Sudan mai ɗan taɓa Turanci, domin Madam ba ta iya rufe ambulan sai ta karanta wa wani. Kuma Garba ya ce babu wasiƙar da take fita babu wannan magana a ciki: wai 'yarsu Nansi, mai shekara biyar, tana zuba Larabci kamar a Bab Makka, tsakiyar tsohon garin Jidda, aka yanke mata cibiya.

To, a nan gizo ke saƙar. Abin da ke bakin Nansi ba Larabci ba ne. Hausa ce tsantsa, irin ta mutanen Haɗeja, sai ɗan barbaɗen kalmomin Larabci irin su yalla da halas a kai. Sauda ta sani, Garba ya sani, mai kayan miya na bakin layi ma ya sani, amma baƙo ko da ido makaho ne, kuma babu wanda ya ga dalilin tsoma baki. Ita dai Sauda abu ɗaya take tsoro a ranta: ranar da Madam za ta gane, ta raba ta da yarinyar.

Ba da gangan ta fara ba. Nansi tana da shekara ɗaya aka kawo ta, zafin Jidda ya feso mata ƙuraje, ta kama kuka ba ji ba gani. Madam ta gwada hoda, ta buɗe littafin likita ta rufe, a ƙarshe ita ma ta zauna ta kama nata kukan. Sauda, wadda wanki da guga kawai aka ɗauke ta, ta janyo tawul ta saɓa yarinyar a baya ta ɗaure, ta shiga kai da kawo a baranda tana jijjiga ta. Wa ya taɓa rarrashin yaro da aron harshe? Abin da tata uwar ta riƙa faɗa mata tana ƙarama shi ya fito daga bakinta. Yarinya ta yi luf. Madam ta ruga ta ɗauko kyamara, hoton ya tafi Amurka, Sauda kuma ta tashi daga mai wanki ta koma mai raino. Ranar Laraba ce, shi ya sa take kiran yarinyar Laraba, ita kuma da bakinta ya buɗe take ce mata Dada.

Hausar da Nansi ta ɗauka ta tsofaffi ce, tunda a bakin tsohuwa ta same ta. In za ta zauna sai ta dafa gwiwa ta ce, "Wash, bayana." In uwarta ta ajiye mata dafaffen karas da dankali ba mai ba yaji, sai ta leƙa kwanon ta girgiza kai ta ce, "Allah ya kyauta." Madam kuwa ta yi murmushi, a zatonta addu'ar cin abinci ce. Da rana tsaka, in Madam ta kwanta a ƙarƙashin fanka, sai yarinyar ta lallaɓo bayan kicin ta haye cinyar Sauda.

"Dada, yau kura za ki ba ni ko biri?"

"Ke Laraba, ba a tatsuniya da rana. Mai yi ɓata yake yi."

"Jiya ma haka kika ce, kuma ga ki nan."

"Ai ni na riga na ɓata tun ina shekara bakwai," in ji Sauda. "Matso ki ji."

Ba wasa kawai take yi ba. Shekararta bakwai lokacin da iyayenta suka fito daga wani ƙauye a gabas da Haɗeja da niyyar aikin Hajji. Uban bai iso ba, a gaɓar teku aka binne shi yana jiran jirgin ruwa. Uwar ta sauke farali, ta duba hanyar komawa ta ga ta fi ƙarfinta, ta zauna a Jidda tana sayar da gyaɗa da ƙuli-ƙuli har ta koma ga Allah. Abin da ta bar wa Sauda bai wuce tukunya biyu ba, sai abin da ke baki: tatsuniyoyi, da waƙoƙin daka, da kacici-kacici, da zagin wasa irin na kaka da jika.

Wannan gado kuwa ba shi da mai karɓa a gida. A unguwar Sabil take zaune tare da ɗanta Othman, wanda shi kaɗai ya rage mata cikin biyar. Akawu ne a tashar jiragen ruwa, yana da takardar ɗan ƙasa, kullum farar rigarsa a goge. A makaranta ya sha kiran "Takruni", sunan raini da ake laƙaba wa 'yan asalin Afirka ta Yamma, har ya ƙoshi, ya ci alwashin 'yarsa ba za ta sha ba. Ranar sunan 'yar tasa, Zakiya, ya zaunar da uwarsa ya yi mata magana da Larabci, don shi da ita ma ya daɗe da ajiye Hausa.

"Ya Ummi, halas, ya isa haka. Yarinyar nan 'yar Jidda ce. Ki bar ta ta tashi da harshe ɗaya, Allah ya ƙara miki lafiya."

Sauda ba ta yi musu ba. Ta tuna yadda yake dawowa daga makaranta da yagaggiyar riga da kumburarren leɓe, ta ga yana da hujja. Ta ninke Hausarta ta ajiye, ba ta fito da ita sai in tsofaffi irinta sun zo gaisuwa. Zakiya ta kai shekara tara tana tsintar Hausa a bakin baƙin kakarta, tana jin kusan komai, amma ko "sannu" ba ta taɓa mayarwa ba. Da Larabci Sauda take yi mata magana, gurgun Larabcin da shekara arba'in ba su miƙar da shi ba. Ya isa a ce ci abinci, sa takalmi, kar ki makara, amma bai isa wasa ba, balle tatsuniya. Gaskiyar magana, Sauda tana son jikarta kamar ranta, amma ba su taɓa ƙyalƙyala dariya tare ba. Shi ya sa kowace safiya take shiga motar haya ta nufi Sharafiyya da ɗoki, kamar can ne gidan.

Ramin ƙarya ƙurarre ne, ko da ba kai ka haƙa shi ba. Wata la'asar bayan ƙaramar Salla, a farkon 1967, Madam ta gayyato baƙuwa shan shayi. Ustaza Sharifa ce, shugabar wata makarantar 'yan mata, wadda ta yi karatu a Masar kuma tana jin Turanci. Aka sa wa Nansi rigar fita, aka taje mata gashi, aka tsayar da ita a tsakiyar falo. Daidai lokacin Sauda ta shigo da tire.

Ustaza ta tambayi yarinyar sunanta da Larabci, ta amsa daidai. Ta tambaye ta shekarunta, ta ɗaga yatsu biyar. Sauda har ta fara sakin numfashi. Sai Madam, wadda ba ta san inda ake tsayawa ba, ta ce wa 'yarta ta ba baƙuwa labari. Nansi ta gyara tsayuwa, ta dafa ƙugu yadda ta ga ana yi, ta kama labarin kurar da ta naɗa rawani ta shiga kasuwa don a ɗauka malam ce. Ta yi muryar kura, ta yi muryar mahauci, ta tafa hannu inda ake tafawa. Ba ta tsallake ko kalma ɗaya ba. Da a wani wuri ne, da Sauda ta yi alfahari.

Ustaza ta ajiye kofinta a hankali. Ba Madam ta duba ba, Sauda ta duba.

"Ya khala," ta ce da Larabci, wato inna, "ke kika koya mata?"

"Ni ce."

"Uwar ta san wane harshe take yi?"

Sauda ta sunkuyar da kai.

Matar ba muguwa ba ce. Ta ɗan jima tana juya cokali a cikin kofi kafin ta waiwayi Madam ta yi mata bayani da Turanci, a tausashe. Sauda ba ta kama komai ba sai kalmar "Afirka", amma ta ga ja ya taso daga wuyan Madam ya haye har kunnuwa. Nansi kuwa tana tsaye tana jiran a yaba mata.

Da ma Madam ta yi faɗa, da ya fi sauƙi. Ba ta ce uffan ba. Daga washegari Garba ya riƙa kai Nansi gidan wasu Amurkawa a unguwar Bagdadiyya ta wuni da 'ya'yansu, ba a dawo da ita sai Sauda ta tashi daga aiki. Aka mayar da Sauda kan wanki da guga. Asabar ta zo ta wuce, keken rubutu bai yi motsi ba.

"Ba Hausar ce ta dame ta ba, Hajiya," in ji Garba, yana shan ruwa a ƙofar kicin. "Kunya ce. Shekara uku tana yi wa rabin Amurka alfahari, yanzu me za ta rubuta musu?"

"Za ta kore ni?"

"Wallahi ma adri, ban sani ba. Bature in ya yi shiru, ko matarsa ba ta san inda ya dosa ba, balle in matar ce ta yi shirun."

Kwana bakwai Sauda ta yi tana goge ƙananan riguna ba ta ga mai su ba. Ta sha tambayar kanta ko cin amana ta yi. An ba ta 'ya ta kula da cikinta da jikinta, ita kuma ta cika mata baki da abin da ba wanda ya roƙe ta, ta kuma bar uwar tana yawo da magana ba daidai ba. Wannan na ƙarshe laifi ne, ta yarda, ta nemi gafarar Allah a kansa. Amma ta duba zuciyarta sama da ƙasa ba ta sami nadamar na farkon ba. Kewa kawai ta samu, mai nauyi, irin wadda rabonta da ita tun rasuwar uwarta.

A rana ta takwas tana tsaka da guga Madam ta shigo kicin, hannu ɗaya riƙe da wani ƙaton littafi, ɗaya riƙe da Nansi. Yarinyar ta fizge ta rugo ta rungume ƙafafun Sauda.

"Dada, sun hana ni zuwa. Can gidan ba wanda ya iya magana."

Madam ta ture kayan guga gefe ta buɗe littafin a kan tebur. Taswirar ƙasashe ce, wata kore, wata ruwan ɗorawa. Larabcin Madam bai wuce kalma ashirin ba, Turancin Sauda bai kai goma ba, don haka aka ɗora Nansi a kan kujera ta zama tafinta.

"Mama ta ce ki nuna mata garinku."

Sauda ta leƙa. Ba ta taɓa ganin ƙasa kwance a takarda ba.

"Ce mata ban san shi a takarda ba. A ƙafa na san shi."

Sai ta shiga lissafo hanya yadda uwarta ta saba lissafawa. Haɗeja, Kukawa, Kusuri, Abeshe inda suka yi noma damina biyu, Fashir inda ƙaninta ya rasu, gonakin auduga na Sudan, sannan Sawakin a bakin teku. Madam tana bi da yatsa, ta sami wani gari ta rasa wani, har yatsan ya ƙetare tsakiyar littafin ya faɗa ɗaya shafin. Ta tsaya ta dubi nisan da ta ratso.

"Ta ce wai a ƙafa?"

"A ƙafa. Wani lokaci a jaki, in an samu."

"Ta ce kwana nawa?"

"Shekara tara."

Madam ta nemi 'yar kujerar kicin, wadda ba ta taɓa zama a kai ba, ta zauna. Ta yi magana mai tsawo tana murza zoben hannunta. Tafintar kuwa ta riga ta gaji da aiki, don haka a gajarce ta kawo saƙon.

"Wai ita ma tana da dada, tsohuwa, daga wani gari mai sanyi ta zo. Tana yin wata irin magana, sai baban Mama ya hana. Yanzu ta mutu, ba wanda ya san me take cewa. Kuma wai ba fushi take yi da ke ba. Kunya ta ji, don kin yi shekara huɗu a gidanmu ba ta taɓa tambayar ki daga ina kike ba."

Sauda ta ji kamar an sauke mata tulu daga ka. Ta yi hamdala a hankali, ta buɗe baki za ta ba da haƙuri, sai Madam ta ci gaba da magana, wannan karon idonta a kan taga. Nansi tana wasa da gefen mayafin Sauda, ta juyo da maganar da muryar da take faɗin an kawo ruwa.

"Wai an canza wa Baba wurin aiki. In an gama Hajji za mu tafi Rum, can Turai. Shi ya sa ta kira matar nan da ta zo shan shayi, don a samo mini littafin Larabci kar in manta. Ta ce a Rum akwai masu irin maganarmu?"

"Ban sani ba, Laraba."

"Ai ba komai. Ke za ki riƙa yi mini."

Sauda ta dubi Madam. Madam ba ta ji me aka ce ba, amma uwa ce, ta gane. Babu wadda ta gyara wa yarinyar zance.

Wata biyu suka rage, kuma suka wuce kamar an kore su. Jiragen alhazai suka cika gari, Mista Feris ba ya zama a gida. Akwatunan katako suka fara taruwa a falo, aka sauke agogo biyun nan aka naɗe su da jarida. Keken rubutu ya dawo aiki, kuma Garba ya ce yanzu wasiƙun sun fi na da tsawo, har da sunayen garuruwan da shi kansa ya manta. Madam ta daina kwanciyar rana. Takan zo bayan kicin ta zauna nesa kaɗan tana sauraron tatsuniyar da ba ta ji, in 'yarta ta yi dariya ita ma ta yi. Sauda kuwa ta shiga zuba wa yarinyar duk abin da take da shi, biyu-biyu, uku-uku, ko da yake ta san abin da aka zuba wa ɗan shekara biyar ba ya daɗewa in ba a ƙara.

Ana gobe za su tashi, ranar Juma'a ce, Madam ta roƙi a kai su gidan Sauda su yi sallama. Othman bai so ba, amma baƙo baƙo ne. Ya sayo lemun kwalba da 'ya'yan itace, ya shimfiɗa sabuwar darduma a ɗakin baƙi, ya zauna da Mista Feris suna gwada Turancin tashar jiragen ruwa. Mata suka zauna a tsakar gida. Kafin a ce me, labari ya zaga layi, tsofaffin unguwa suka fara shigowa ɗaya bayan ɗaya, kowace da uzurin aron wani abu.

Nansi ba ta jira an ce mata ba. Ta je gaban Hajiya Fatsuma, wadda ta fi kowa tsufa, ta durƙusa har ƙasa.

"Ina wuni, Hajiya? Ina gajiya? Ya ƙafar?"

Tsakar gida ta kaure da dariya da salati. Hajiya Fatsuma ta kamo fuskar yarinyar da hannu biyu tana dubawa, ta ce rabonta da ta ji yaro ya gaishe ta haka tun kafin a rushe ganuwar Jidda. Aka jefa mata kacici-kacici ta warware, ta jefo nata aka kasa. Wata ta tsokane ta da cewa gashinta kamar gemun masara, ta ce ai gara nata, akwai shi. Hayaniyar ta fito da Othman bakin ƙofa. Ya tsaya da kwalbar lemo a hannu yana kallon 'yar Bature tana wasa da abin da ya hana a gidansa, uwarta kuma tana ta washe baki don alfahari. Ya juya ya koma wurin baƙonsa.

Zakiya tana jingine da bango cikin rigar Sallarta, riƙe da farantin dabino. Babu abin da ya wuce ta a cikin maganar, har inda aka yi dariya ta san dalili. Da Nansi ta gaji ta je ta haye cinyar Sauda kamar kujerar gado, ta gyara zama, sannan ta hango ta.

"Ke ba kya magana ne?"

"Ina yi," in ji Zakiya da Larabci. Ta ajiye farantin ta shige ɗaki.

A bakin mota Madam ta rungume Sauda ta daɗe ba ta sake ta ba, ba tafinta, ba a kuma bukace ta ba. Nansi ta leƙo ta taga, bakinta duk dabino.

"Dada, sai kin zo. Ki taho mini da gyaɗa."

"To, Laraba. Allah ya tsare hanya, ya raya ki."

Ta tsaya har motar ta karya kwana. Ba ta yi kuka a titi ba, don ba ta saba ba.

Bayan sallar magariba tana zaune a kan tabarma a tsakar gida, carbi a hannu amma ba ta ja. Baƙi sun watse. Othman yana ɗakin baƙi yana naɗe darduma, ƙofar a buɗe. Sauda tana tunanin gobe da safe, da motar hayar da ba za ta shiga ba, da yadda bakinta zai koma ya rufe. Ba ta ji zuwan Zakiya ba sai da ta gan ta tsaye a kanta, ta riga ta cire rigar Salla.

"Sitti," ta ce da Larabci, wato kaka, "duk abin nan da ta iya, ke kika ba ta?"

"Ni ce."

"A shekara huɗu?"

"Haka ne."

"Ni shekarata tara ina nan."

Ba da tsiwa ta faɗa ba, kuma hakan ya fi ciwo. Sauda tana iya cewa ubanki ne ya hana, kuma ba ƙarya ta yi ba. Amma ta san ita ma ta sami ƙofa mai sauƙi ta bi, ta kwashi kayan gida ta kai wa 'yar mutane, ta bar tata a jikin bango tana kallo. Kunya ta kama ta, irin wadda ba ta taɓa ji a gaban yaro ba.

Ta miƙa hannu ta jawo yarinyar. Zakiya ta yi girma da cinya, ƙafafunta suna jan ƙasa, jikinta a sandare don ba ta saba ba, amma ba ta tashi ba. Sauda ta dubi ƙofar ɗakin baƙi, ta san duk abin da za ta faɗa zai shiga can. Ta gyara murya, ta buɗe baki da Hausa.

"Ga ta nan, ga ta nanku."

Ta jira. Zakiya ma ta jira, idonta a kan bakin kakarta, don ba wanda ya taɓa gaya mata cewa tatsuniya ba ta tashi sai an amsa. Sauda har ta fara tunanin ko ta makara ne.

Sai daga cikin ɗakin baƙi murya ta fito, ƙasa-ƙasa, harshen ya yi nauyi don daɗewa.

"Ta zo mu ji ta."

Zakiya ta waiga da sauri ta dubi ƙofar. Ubanta bai fito ba, amma ba a ƙara jin motsin darduma ba. Sauda ta share ido da gefen mayafi, ta fara.